Fasinjojin Cikin Kwalba

Ba a taɓa kirana mai haƙuri ba, ni ma ban taɓa neman a kira ni ba. Na yi ƙuruciyata na yi tsufana a kan sitiyari, ina jan motar haya a doguwar hanya, har abokan tasha suka liƙa mini suna Babu-Birki. Sunan ya bi ni gida, matata ma idan na ɓata mata rai da shi take kirana. Shi ya sa ranar da ƴata ta zo ta durƙusa a gabana ta ce so take in kai mata kaya sabon wurin aikinsu, amma da sharaɗin ba zan wuce saurin mai keke ba, uwarta ta yi dariya har sai da ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Wa? Babanku?" ta ce tana share hawaye da bakin mayafi. "Ƴar nan, direbobin garin nan ƙarewa suka yi? Mutumin da ko masallaci zai je sai ya wuce wani a hanya?"

"Shi nake so, Mama," in ji yarinyar. Ita ba ta yi dariya ba, fuskarta ma duk ta faɗa.

Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba, Uwata nake ce mata. Tun tana ƙarama ba ta da hayaniya, sai shegen kallo. Za a aike ta sayen gishiri, a same ta tsugune a bakin ramin tururuwa ta manta da duniya. Yanzu ga ta tana karatun digiri na uku a cibiyar binciken teku, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni minti biyar sai ya san haka, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abin da take nema a teku ba kifi ba ne. Laka take ɗebowa, baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, daga inda ruwa ke kwanciya a bayan tashar jiragen ruwa. Uwarta ta sha yin mita a kan kayan da take dawowa da su, har bokiti na dabam ta ware musu. A cikin wannan laka akwai wasu ƙwayoyin bakteriya, ƙanana da ido ba ya gani, da Allah ya yi wa wata baiwa. Kowacce tana ƙera ƴan gutsattsarin maganaɗisu a cikin jikinta, ta jera su layi guda, sai ta zama kamar allurar kamfas mai rai. Da shi take gane hanyar ƙasa da ta sama, ta sauka inda take son zama ba tare da kame-kame ba. Ranar da Uwata ta fara yi mini wannan bayani na ce mata ai waɗannan direbobi ne, ƴan ƙungiyarmu ne, a ba su katin shaida.

Sai dai ba a yi masu tsirfa irinsu ba. Sauran ƙwayoyin da ake renon su a ɗakin gwaje-gwaje, a cewarta, romo ake dafa musu mai sukari da gishiri, a ɗora su a kan injin da ke girgiza su dare da rana, kafin gari ya waye sun cika kwalba. Nata kuwa ba sa cin abin da ni da kai za mu kira abinci. Farar wutar da ke tasowa daga cikin laka ita ce man da suke ƙonawa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na iskar oksijin da ke saukowa daga sama. Jikinsu kuma suna gina shi ne daga iskar nan da muke fitarwa idan mun yi numfashi, wadda ta narke a ruwa, sai ɗan ƙarfe kaɗan na ƙera maganaɗisu. Iska ta yi yawa, su daina ƙira ko su mutu. Ta yi kaɗan, su tsaya cak. Saboda haka wuri guda suke zama, siririn wurin da iskar sama ta haɗu da farar wutar ƙasa.

Wannan wurin ne Uwata ta yi shekaru tana ƙoƙarin kwaikwaya a cikin ƴan siraran kwalabe masu kaurin yatsa. Ta zuba ruwan teku da aka ɗan kaurara kamar sitacin guga, farar wuta a gindi, iska a baki, ta rufe ta ajiye a duhu. Ta yi ta zubarwa tana sakewa, har abokan karatunta suka gama suka tafi suka bar ta. Sai wata rana wani farin layi ya bayyana a tsakiyar kwalba, bai kai kaurin zare ba. Su ne, sun taru sun yarda su zauna su hayayyafa. Ta gwada daskarar da wasu a firiza don ajiya, duk suka mutu. Wato duk abin da ta mallaka na wannan aiki yana tsaye ne a cikin ƴan kwalaben nan, kuma girgiza ɗaya mai kyau ta isa ta cakuɗa sama da ƙasa ta shafe layin.

To ga shi rufin tsohon gininsu ya lalace, an ba su sabo a kan tudu can ɗaya ƙarshen gari. Kwana biyu kafin ta zo wurina ta ba masu kwashe kaya rabin kwalaben, ta roƙe su kamar za ta yi kuka, suka ce ta kwantar da hankalinta. Ba mugunta suka yi ba, babbar mota ce kawai, ita kuwa babbar mota ba ta san lallashi ba. Ko ɗaya bai kai da rai ba.

"Saura nawa?" na tambaye ta.

"Abin da zai cika tafin hannu biyu, Baba. In su ma suka tafi, sai dai in koma laka in fara daga farko, kuma lokacin da makaranta ta ba ni ya kusa ƙarewa."

"Me ya sa ni?"

"Saboda kai ka san abin da mota za ta yi kafin ta yi shi."

Wallahi kaina ya yi girma. Na kalli uwarta don ta ji da kyau, ta taɓe baki ta koma kan albasarta.

Ban ɗauki abin da wasa ba. Tsohuwar motata da na riƙe bayan na bar tasha na kai wa makanike ya duba shokozoba, na rage iskar tayoyi don su yi laushi, na jibga buhunan yashi a but don bayanta ya zauna. Na bi hanyar ni kaɗai na haddace ramukanta da tuddan da ake yi don rage gudu. Sannan na cika kwano da ruwa na ɗora a kujerar baya na sake bin ta. Zuwan farko na dawo da kujera sharkaf, matata ta leƙa ta ce ko jariri na ɗauko. Na yi ta maimaitawa har sai da na je na dawo kwanon bai zubar da komai ba.

Muka zaɓi safiyar ranar da ba a aiki. Tsohon ɗakin gwajin nasu ya zama kango, sai shatin inda firji ya tsaya a ƙasa, da wayoyi suna reto a bango, da famfo yana ɗiga a kwatami. Kabad ɗaya ce ta rage a lungu. Uwata ta buɗe ta a hankali, ta ɗaga kwalba guda ta haska ta da ɗan tocila daga gefe.

"Ka gan su, Baba?"

Sai da na gyara tabarau na ƙanƙance ido sannan na ga layin. Gaskiya na ɗan ji kunya a madadinsu. Duk wannan hidima, ashe abin bai fi gashin gira ba. Amma na ga yadda take riƙe da kwalbar, sai na haɗiye maganata na ce musu sannunku da zuwa.

Ta jera su a akwatin soso, ta zauna a baya ta ɗora shi a cinya ta rungume. Na yi bismillah na saki kuloci yadda ban taɓa sakinsa ba a rayuwata.

Duk wanda ya ce tafiya a hankali hutu ce bai taɓa yin ta ba. Ƙafata ta dama ta yi ta ƙaiƙayi, wuyana ya sage, gumi ya jiƙa mini riga tun ba mu bar unguwar tashar jiragen ruwa ba. Motoci suka yi layi a bayana suna danna oda. Wani mai kurar ruwa ya wuce ni, ya waiwayo ya yi mini sannu. Ni, Babu-Birki! Wani kwandasta da na tabbata na girmi kakansa ya leƙo daga bas ya ce, "Baba, gawa ka ɗauko ne?" Na buɗe baki zan ba shi amsar da zai kai wa uwarsa tsaraba, sai na ji muryar Uwata daga kujerar baya.

"Sannu, Baba."

Na rufe bakina.

Abin da na fi tsoro shi ne wucewa ta gaban tsohuwar tasharmu, kuma babu wata hanyar. Suna nan kuwa a kan benci kamar kullum, tsofaffin banza, suna shan shayi. Wani da muka yi zamani tare, muna ce masa Dogon Giya, ya miƙe tsaye ya dafa ƙirji.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Babu-Birki, mai ne ya ƙare? Mu zo mu tura ka?"

"Manyan baƙi na ɗauko!" na ɗaga murya ba tare da na juya kai ba. "Irin da ba a taɓa ba ka ba!"

Suka bi motar da ƙafa suna dariya, suna leƙen yarinya da akwati, kuma abin haushi ba su ko yi haki ba. Amma a cikin raina daɗi nake ji. Na so a ce zan iya tsayawa in gaya musu abin da ke cikin akwatin nan, da wadda ta rene shi.

Mun ci mafi yawan hanya lafiya. Na lallaɓa kowane rami, na hau kowane tudu a karkace taya ɗaya bayan ɗaya, har na fara hango sabon ginin a sama. A shataletalen gindin tudun ne wani mai babur ya faɗo daga hagu ba oda ba komai, ya goyo mace, ita kuma da jariri a baya. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta yi aikinta. Na take birki har ƙasa. Motar ta dunƙule ta tsaya, ƙafar matar ta shafi bamba ta wuce, ko waiwayowa ba su yi ba. A bayana na ji ƙarar gilashi yana karo da gilashi.

Na ɓalle ƙofa na zura ƙafa ɗaya waje, niyyata in bi ɗan banzan nan ko da gudu ne.

"Baba," ta ce. "Dawo. Ba ka taɓa su ba, alhamdu lillahi. Mu tafi, a hankali."

"Kwalaben fa?"

"Ba su fashe ba. Mu tafi."

Na kalle ta a madubi. Goshinta ya bugi bayan kujerata har ya fara tashi, amma hannuwanta suna nan zagaye da akwatin.

Sabon ɗakin gwajin yana ta warin fenti, kujeru ba a ko cire musu leda ba, kwalaye jibge har bakin taga. Malaminta yana jiranmu, wani gajeren dattijo mai farin gemu da kowa ke kira Farfesa, tare da wata abokiyar aikinta doguwa mai tabarau. Ya gaishe ni da hannu biyu, mutumin kirki. Uwata ta ajiye akwatin a kan tebur ta fara ɗaga kwalaben tana haskawa. Ni da ban san komai ba ma na ga abin da ya faru. Babu layi. Abin ciki ya hautsine ya yi gajimare, ƴan kumfan iska sun nutsa har kusa da gindi. Ta duba su duka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Farfesa ya ja numfashi ya naɗe hannun riga.

"To, ba lokacin jimami ba ne," ya ce. "Yanzu yanzu wasu suna da sauran rai. A ɗebo su a zuba a romo mai ƙarfi, a ɗora a inji. Ko da za su daina yin maganaɗisu na ɗan lokaci, mu dai su rayu, daga baya ma san yadda za a yi."

Doguwar har ta jawo kwali tana neman kwalaben romo. A lungu ga injin nan nasu an riga an haɗa shi, yana ta rausaya da kwalaben wasu. Ni ma na ga hankali a maganar, na sa baki.

"Uwata, ki ji maganar manya. Wanda ya yi hatsari ai ƙarin ruwa ake yi masa, ba a zuba masa ido."

Ta mayar da kwalbar ƙarshe cikin soso. Sannan ta ɗan rusuna wa malaminta.

"Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Kada a buɗe su."

"Me za a yi musu to?"

"Ba komai. A sa su a duhu a bar su."

Ta ci gaba da magana a hankali, idonta a ƙasa, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Iska ce ta yi musu yawa, in na buɗe na ƙara musu ita. Romon kuma ba za su ci ba. In akwai baƙuwar ƙwaya ko ɗaya da ta laɓe a ciki, ita za ta ci ta cika kwalbar ta danne su. Farar wutar tana nan a gindi, ba ta ƙare ba. Za ta cinye iskar da ta kutsa a hankali, iyakar ta sake tsayawa inda take. In akwai mai sauran rai, za ta nemo wurin da kanta. Aikinsu ke nan a teku, kullum igiyar ruwa tana hautsina su."

"In babu mai sauran rai fa?" in ji doguwar.

"To babu abin da romo zai tayar."

Farfesa ya shafa gemu. "Mu raba biyu mana. Rabi naki, rabi nawa. Kada mu zuba duka a hanya ɗaya."

Na ce a raina shi ke nan, an yi adalci, ta karɓa mu tafi gida. Sai na ji ta ce, "Ranka ya daɗe, shekarata ta farko duk a romo na ƙare ta, kai ka sa mini hannu a kan sakamakon. Ba su taɓa kwana biyu a ciki ba. Duk kwalbar da na ba ka, na zubar da ita ne. Ban san wacce ce mai rai a cikinsu ba, ba zan iya ba da ko ɗaya ba."

Ni da na yi rayuwata ina faɗa da ƴan sanda da fasinjoji da masu ƙungiya, ban taɓa ganin an ce a'a da ladabi irin wannan ba. Alfahari ya cika ni. Yarinyar da ko ƙanwarta ta ƙwace mata nama ba ta iya magana! Farfesa ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke hannun rigarsa.

"Ke kika zauna da su," ya ce. "Yi yadda kika gani. Amma kin san in ba su dawo ba, babu abin da zan iya gaya wa makaranta."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ta sa su a sabuwar kabad, ta kulle, ta jefa makullin a jaka.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Abinci ya ƙi shiga. Na wanke mota har fenti ya fara koɗewa. Duk mai babur da ya gifta ƙofar gida sai na bi shi da harara. Ita kuwa mai abin, kamar ba ita ba. Ta tashi ta yi shara, ta taya uwarta girki, ta zauna ta yi wa ƙanwarta kitso suna hira. Ta je wurin aiki ta jera kwalaye ta dawo, kabad kuwa, a yadda na ɗauka, ko kusa da ita ba ta zuwa.

"Uwata, ki ɗan leƙa mana," nake ce mata kullum da safe.

"Leƙe ba ya ƙara musu komai, Baba. Ɗagawar ma girgiza ce. Su ba sa sauri, kafin ɗaya ta zama biyu sai an jira."

"Ko ta ramin makulli?"

Sai ta yi murmushi ta zuba mini shayi. Haushi ya ishe ni, na sami uwarta a kicin na ce wannan yarinya zuciyar dutse gare ta, halin mahaifiyata ta kwaso kaf, wadda ko ranar da gidanmu ya ƙone sai da ta gama sallarta. Matata ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ni fa ban gane ba, Alhaji. Kai ne mai naƙudar ko ita?"

"Ni na take birkin."

"Da ba ka take ba da yanzu wani zancen ake yi. Zauna ka ci abinci, ka ishe mu."

An fi mako a haka. Wata safiya ina karyawa sai Uwata ta fito da jakarta ta ce, "Baba, za ka kai ni?" Ban ko tsaya neman hula ba.

Farfesa da doguwar suna nan, da alama ta gaya musu. Aka rufe labule aka kashe fitila. Ta buɗe kabad ta ɗaga ta farko ta haska. Ruwan ya kwanta ya yi garau, amma babu komai a ciki. Ta biyu haka. Ta uku haka. Tana ajiye kowacce a gefe a hankali kamar mai rai ce. Na daina kallon kwalaben na koma kallon ƙasa, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai na ji doguwar ta ja numfashi.

Na ɗaga kai. A cikin hasken tocilan, ɗan ƙasa da inda yake a da, ga layi nan. Ya fi na farko siranta, ya ɗan karkace, amma layi ne. Ta bayanta ma akwai, dishi-dishi. Sauran duk babu.

"Allahu akbar!" na faɗa da ƙarfi har Farfesa ya zabura.

"Tukuna, Baba," in ji Uwata. "Sai mun ga ko su ne, kuma ko suna ƙira."

Ta zura wata doguwar allura ta tsotso ɗan ɗigo daga layin, ta ɗiga a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ta ajiye ɗan sandan maganaɗisu a gefe. Ta duba ta daɗe, ta matsa wa Farfesa ya duba, shi ma ya daɗe. Sannan ta jawo mini kujera.

"Zo ka ga fasinjojinka."

Da ƙyar na iya daidaita ido. Can sai na gan su, ƴan ɗige-ɗige masu yawan gaske, sun yi cincirindo a gefe ɗaya na ɗigon suna ta motsi. Ta kama hannuna ta ɗora a kan maganaɗisun ta ce in juya shi. Na juya. Gaba ɗayansu suka yi kwana a lokaci guda, suka miƙe zuwa ɗaya gefen, babu mai karo da wani, babu mai oda. Na sake juyawa, suka sake dawowa. Na yi ta juyawa kamar ƙaramin yaro har sai da ta riƙe mini hannu.

"Ka ga waccan mai tsukakken ciki a tsakiya? Ta kusa rabuwa biyu. Kowacce za ta tafi da rabin maganaɗisun, ta ƙera sauran da kanta. Suna ci, Baba. Suna girma."

Farfesa ya kama hannuna ya girgiza ya ce, "Alhaji, ka haifi ƴa." Na so in ba shi amsa mai kyau irin ta manya, amma na ɓuge da gyaɗa kai. Ita kuwa ko a jikinta. Ta riga ta jawo sababbin kwalabe tana gaya wa doguwar yadda za su raba layin nan gida-gida kafin yamma. Na zauna a kan kwali ina kallon hannunta yana aiki, ko ɗigo bai zuba ba.

Da suka gama ta ce in sauke ta gida ta ɗan huta. Muka fito filin ajiye motoci, rana ta take. Wannan karon gaba ta shiga. Na sa makulli ke nan zan tayar, sai na ji wani sauti a gefena. Na juya. Uwata ta kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunta suna rawa, tana kuka irin wanda rabona da jin ta yi shi tun tana ƴar firamare.

"Subhanallahi! Me kuma ya faru? Ba sun rayu ba?"

"Baba, na ji tsoro," ta ce cikin shessheƙa. "Wallahi na ji tsoro. Kullum sai na je bakin kabad ɗin nan in babu kowa, in riƙe makulli in tsaya. Ban san ko daidai na yi ba. Ban sani ba, Baba, har yau da safe ban sani ba."

Na zare makullin daga mota. Na ɗora hannu a kanta kawai. Muka zauna a haka cikin zafi, gilashi a rufe, tana kukanta.

Can mai gadin wurin ya taho ya ƙwanƙwasa gilashi, ya leƙo yana kallonta yana kallona.

"Baba, lafiya? Rasuwa aka yi?"

Na sauke gilashin. Ashe ni ma fuskata ta jiƙe ban sani ba.

"Lafiya lau," na ce masa. "Ƴata ce."